Jim Larkin: ɗan dakon da ya tsayar da birnin Dublin don a san da zaman sandika

A ƙasar Irlanda, har gobe tsarin mulki ya ba ma'aikaci ƴancin shiga ƙungiyar ƙwadago, amma babu dokar da ta tilasta wa mai kamfani ya zauna teburi ɗaya da wannan ƙungiya. Mutum na iya biyan kuɗin sandika duk wata, katinsa na cikin aljihu, uban gidansa kuma ya ce bai san da ita ba. A kan wannan giɓi aka yi rigingimun ƙwadago mafi zafi a ƙasar, da yawansu a kan layin dogo, kuma sunan da ke fara zuwa baki idan ana zancensu shi ne James Larkin, wanda mutanen Dublin ke kira Big Jim saboda tsawonsa da ƙarfin muryarsa. Bai taɓa tuƙa jirgin ƙasa ba, ɗan dako ne na bakin teku. Amma manyan yaƙe-yaƙensa biyu, na 1911 da na 1913, a hannun ma'aikatan jirgi suka tashi, kuma a hannun shugabannin ma'aikatan jirgi na biyun ya mutu.

An haife shi a 1874 a Liverpool ta Ingila. Iyayensa talakawa ne ƴan Irlanda da neman abinci ya tsallakar da su teku, a lokacin da tsibirin Irlanda gaba ɗaya ke ƙarƙashin mulkin Birtaniya. Tun yana ɗan shekara bakwai yake raba yininsa biyu, rabi makaranta rabi aikin ƙarfi. Bai kai shekara 15 ba mahaifinsa ya rasu. Ya yi aikin jirgin ruwa, ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Liverpool, har ya zama shugaban leburori a wani kamfani. Ba ya shan giya ko kaɗan, kuma ya tsani al'adar da ake yi a lokacin ta biyan ƴan dako kuɗinsu a cikin mashaya, inda rabin ladan ke narkewa kafin mutum ya kai gida.

A 1905 ƴan dakon kamfaninsa suka shiga yajin aiki. Shi da yake shugaban leburori, wurinsa yana gefen masu kamfani, sai ya bi mutanensa. Ya rasa muƙaminsa, amma ƙungiyar ƴan dako ta Birtaniya ta ga abin da ya iya, ta ɗauke shi aikin tara mambobi. A watan Janairun 1907 ta tura shi Belfast, a arewacin Irlanda, birnin da gabar Katolika da Furotesta ta raba unguwanni da wuraren aiki. Cikin ƴan watanni ya haɗa ƴan dako da masu keken doki na ɗariku biyun a yajin aiki guda. Abin ya kai har ƴan sanda da kansu suka yi bore a watan Yuli, suka gaji da rakiyar masu karya yajin aiki a kan ƙaramin albashi. An kawo sojoji, an harbe mutum biyu a unguwar Falls, sannan magatakardan ƙungiyar, James Sexton, ya zo daga Liverpool ya sasanta da masu kamfanoni ba tare da yardar Larkin ba. Daga nan Larkin ya ɗauki darasi biyu da bai taɓa saki ba: ƙarfin lebura yana cikin taya ɗan'uwansa faɗa, kuma shugabannin da ke zaune a Ingila ba abin dogaro ba ne.

A ƙarshen 1908 ƙungiyar ta dakatar da shi. A farkon 1909 ya kafa tasa a Dublin, ƙungiyar ma'aikatan sufuri da sauran leburori ta Irlanda, ITGWU a taƙaice. Ƙofarta a buɗe take ga waɗanda tsofaffin ƙungiyoyin masu sana'a ke raina wa: ɗan dako, mai keken doki, mai shara, leburan gini. A 1910 kotu ta ɗaure shi shekara guda bisa zargin karkatar da kuɗin ƴan dakon Cork, hukuncin da jama'a da yawa suka ɗauka na siyasa ne, aka kuma sake shi bayan kamar wata uku. A 1911 ya fara buga jaridar mako-mako, Irish Worker, wadda ke ambaton masu gidajen haya da masu kamfanoni da sunayensu, tana sayar da kofi wajen dubu 20.

Dublin ta wancan zamani na cikin biranen Turai mafi ƙuncin rayuwa. A cikin mutane kimanin dubu 300, iyalai fiye da dubu 20 ne ke zaune a ɗaki ɗaya tak, a cikin tsofaffin gidajen attajirai da aka yayyanka aka ba da haya. Lebura na samun abin da bai wuce fam ɗaya a mako ba, in ya samu aikin. Da yake masu neman aiki sun fi aikin yawa, duk wanda ya yi yaji a wuri ɗaya, gobe an maye gurbinsa. Makamin Larkin shi ne yajin aikin kara: idan ana rigima a wani kamfani, kayan wannan kamfani sun haramta, ɗan dako ba zai sauke su ba, mai keken doki ba zai ɗauka ba, ma'aikacin jirgi ba zai loda ba.

Layin dogo, 1911

Kamfanonin jirgin ƙasa na Birtaniya da Irlanda sun daɗe suna tafiyar da ma'aikatansu kamar soja, kuma a ganinsu amincewa da sandika daidai yake da barin sandika ta shiga bariki. Direban jirgi kuwa shi ne ya fi kowa abin asara. Yana farawa ne yaro mai goge inji, ya zama mai zuba gawayi a kan jirgi, sai bayan shekaru masu yawa a ba shi tuƙi. Albashinsa ya fi na sauran, yana jiran fansho, wani ma a gidan kamfani yake zaune, kamar a unguwar Inchicore ta Dublin. Kora ɗaya na shafe wannan duka. Shi ya sa direbobi suka kafa tasu ƙungiya daban tun 1880, ASLEF, suna ɗan ja da baya daga sauran ma'aikatan tasha.

A watan Agustan 1911 ma'aikatan jirgin ƙasa na Birtaniya suka yi yajin gama-gari na kwana biyu, babbar buƙatarsu ita ce kamfanoni su amince da ƙungiyoyinsu. Gwamnati ta kashe wutar da alƙawarin kafa kwamiti. Wata guda bayan haka wutar ta sake tashi a Dublin, wannan karo daga wajen Larkin. Mambobinsa na rigima da dillalan katako na birnin, sai wasu ma'aikatan tashar Kingsbridge suka ƙi loda katakon. Kamfanin Great Southern and Western, mafi girma a ƙasar, ya kore su, abokan aikinsu suka ajiye aiki, yajin ya bazu har kudanci da yammacin tsibirin. Shugaban kamfanin, Sir William Goulding, ya ƙi ko kallon wakilan ƙungiyar. An kawo sojoji, uwar ƙungiyar da ke Landan ba ta kira mambobinta na Ingila su taya ba, kuma a farkon Oktoba ma'aikata suka koma a kan sharuɗɗan kamfani, wasunsu ba a sake ɗaukarsu ba.

A cikin daraktocin wannan kamfani akwai wani mutum da ya kalli abin da kyau, William Martin Murphy. Shi ba Bature ɗan mulkin mallaka ba ne. Ɗan Irlanda ne, Katolika, tsohon ɗan majalisa mai neman ƴancin cin gashin kai, wanda ya ƙi karɓar lambar girma daga sarkin Ingila a 1907. Shi ke da jaridar Irish Independent, da kantin Clery's, da otel ɗin Imperial, kuma shi ke shugabantar kamfanin taram na Dublin, wato ƙananan jiragen lantarki masu bin dogo a tsakiyar tituna suna ɗaukar fasinja. Yana ganin kansa uban gida mai adalci, kuma yana iya zama da ƙungiyar masu sana'a mai ladabi. Ta Larkin ce ba ya so ya ji. Abin da 1911 ta koya masa shi ne mai kuɗi ya fi mai yunwa iya jira.

Watanni biyar na ƙofa a kulle

Direbobin taram da kwandastoci na aiki awoyi masu tsawo, ana cin su tara a kan ƙaramin kuskure, kuma an raba su biyu, na dindindin da ƴan jiran gurbi, ta yadda kullum akwai mai jiran kujerar wani. Da Larkin ya fara shigar da su ƙungiyarsa a 1913, Murphy ya tara su da tsakar dare a watan Yuli ya gargaɗe su. A watan Agusta ya kori waɗanda ake zargi da riƙe katin ITGWU, a sashen rarraba jaridarsa da sashen kai saƙonni na taram.

Ranar Talata 26 ga Agusta, ana cikin makon bikin nunin dawaki da ke tara manyan ƙasar a Dublin, wajen ƙarfe goma saura na safe, direbobi da kwandastoci suka tsayar da taram a inda suke, suka maƙala bajon ƙungiya mai hoton jan hannu, suka sauka. Kimanin 700 ne cikin ma'aikata 1,700. A nan ne kuskuren lissafin Larkin ya fito fili: bai da rinjaye a kamfanin, ma'aikatan tashar lantarki ba su fito ba, kuma Murphy ya riga ya tanadi masu maye gurbi. Kafin azahar taram na yawo da ƴan sanda a kai.

Hukuma ta hana taron da Larkin ya kira ranar Lahadi 31 ga Agusta a babban titin Sackville, wanda yau ake kira O'Connell. Ya yi alƙawarin zai bayyana, kuma ya bayyana. Ya sa gemun ƙarya, ya yi shigar tsoho mai rauni, wata budurwa, Nellie Gifford, ta riƙe shi a matsayin ƴar ɗan'uwansa, suka shiga otel ɗin Imperial na Murphy kansa. Ya fito a barandar bene ya fara magana, aka kama shi nan take. Ƴan sanda suka faɗa wa jama'ar da ke titi da kulake, yawancinsu masu wucewa ne da masu fitowa daga coci, ɗaruruwa suka jikkata. A wannan ƙarshen mako ma'aikata biyu, James Nolan da John Byrne, suka sha dukan da ya zama ajalinsu. Kwana biyu bayan haka gidajen haya biyu suka rufta a titin Church, mutum bakwai suka mutu.

Ranar 3 ga Satumba masu kamfanoni wajen 400, Murphy na gaba, suka yanke shawarar da ta mayar da rigimar taram rigimar birni duka. Kowane ma'aikaci sai ya sa hannu a takardar cewa ya fita daga ITGWU, ko ba zai taɓa shiga ko taimaka mata ba. Wanda ya ƙi, a kulle masa ƙofa. Abin lura shi ne dubban waɗanda suka ƙi sa hannu ba ma ƴan ƙungiyar Larkin ba ne. Kafin ƙarshen wata ma'aikata kimanin dubu 20 na waje, da iyalansu. Maganar albashi ta ɓace. Tambaya ɗaya ta rage, ko ma'aikaci ne zai zaɓi ƙungiyarsa ko uban gidansa ne zai zaɓar masa.

Gwamnati ta turo mai sasanci, George Askwith, ya yi zama a fadar Dublin, inda Larkin da kansa ya yi wa Murphy tambayoyi a gaban jama'a. Rahoton ya soki yajin aikin kara, ya kuma ce takardar masu kamfanoni ta saɓa wa ƴancin ɗan Adam. Ƙungiya ta yarda a tattauna a kansa, masu kamfanoni suka ƙi. A hedkwatar ƙungiyar, Liberty Hall, ana dafa abinci ana rabawa. Jirgin ruwa mai suna Hare ya iso a ƙarshen Satumba da abinci daga ƙungiyoyin ƙwadagon Birtaniya, waɗanda gudummawarsu ta haura fam dubu 90 kafin a gama. Shirin kai ƴaƴan masu yaji wajen iyalai a Ingila su ci abinci ya gamu da fushin babban limamin Katolika na Dublin, William Walsh, da ke tsoron a sauya wa yaran ɗarika. Limamai suka tare tashoshin jirgi da bakin teku, shirin ya rushe, ƙungiyar kuma ta yi asarar goyon bayan da take matuƙar buƙata. A ƙarshen Oktoba aka ɗaure Larkin wata bakwai bisa laifin tunzura jama'a. Jam'iyya mai mulki ta sha kashi a zaɓukan cike gurbi, aka sake shi bayan kwana 17.

Larkin ya san buhun abinci ba zai ci wannan yaƙi ba. Abin da zai ci shi shi ne ma'aikatan jirgin ƙasa da na ruwa na Birtaniya su ƙi taɓa kayan Dublin. Ƙananan ma'aikata sun nuna a shirye suke. Tun a Satumba dubbansu a Liverpool da Birmingham suka ajiye aiki a kan haka. A ƙarshen shekara direbobin jirgi biyu a Llanelli ta yankin Wales suka ƙi jan kayan Dublin, aka kore su, dubban ma'aikatan jirgi na yankin suka bi bayansu. Wanda ya je ya mayar da su bakin aiki shi ne J. H. Thomas, jigo a sabuwar ƙungiyar ma'aikatan jirgi ta NUR, shi ma tsohon direban jirgi. Thomas na gab da samun abin da ƙungiyarsa ta shekara arba'in tana biɗa, wato kujera a gaban kamfanoni, kuma ba zai jefa ta cikin wuta saboda leburorin Dublin ba. Larkin ya zaga manyan ɗakunan taro na Manchester da Landan yana tara dubban mutane, yana kuma zagin Thomas da takwarorinsa da sunayensu. Zagin ya yi wa masu sauraro daɗi, amma waɗanda ya zaga su ne masu ƙuri'a. Ranar 9 ga Disamba babban taron ƙungiyoyin Birtaniya ya yi watsi da yajin kara da rinjayen da ya ninka goma.

A tsakiyar Janairun 1914 ƙungiyar ta ce kowa ya koma aiki yadda ya samu. Da yawa sun sa hannu a takardar da suka yi wata biyar suna ƙi. Ɗaruruwa ba a mayar da su ba, wasunsu suka shiga sojan Birtaniya da yaƙin duniya ya ɓarke a wannan shekara. Murphy ya yi nasara, sai dai ƙungiyar ba ta mutu ba, kuma masu kamfanonin Dublin ba su sake gwada irin wannan taron dangi ba.

Shekarun da ya yi nesa

A Oktoban 1914, a gajiye, Larkin ya tafi Amurka da sunan neman kuɗi, ya bar ƙungiyar a hannun James Connolly. Tafiyar ƴan watanni ta zama ta shekara takwas da rabi. Yana can aka yi boren Dublin na 1916 aka harbe Connolly. Ya shiga harkar ƴan gurguzu, aka kama shi a New York a 1919, aka ɗaure shi a 1920, ya zauna a gidan kason Sing Sing. Yana cikin kaso ne ma'aikatan jirgin ƙasa na Irlanda suka yi amfani da makaminsa fiye da yadda shi ya taɓa yi: daga Mayu zuwa Disamban 1920, a tsakiyar yaƙin neman ƴancin kai, direbobi suka ƙi motsa duk jirgin da ke ɗauke da sojojin Birtaniya masu makamai ko harsasai. Soja su hau, direba ya sauka, a kore shi, a kawo wani shi ma ya sauka. Fiye da mutum dubu suka rasa aikinsu kafin a janye.

Gwamnan New York, Al Smith, ya yi masa afuwa a 1923. Ya dawo Dublin a ƙarshen Afrilu, dubban mutane suka tarbe shi. Murphy ya rasu tun 1919. Ƙungiyar da ya bari a durƙushe ta haura mambobi dubu 100 a 1920, a hannun William O'Brien, mutum mai sanyin jini da iya riƙon littafin kuɗi. Larkin ya so ya karɓi abinsa kamar jiya ya fita. Cikin ƴan makonni suka shiga kotu, ya sha kashi, aka ayyana shi wanda bashi ya karya, aka kore shi a 1924 daga ƙungiyar da ya kafa. Yawancin mambobin Dublin suka bi shi zuwa sabuwar ƙungiya, WUI, da ƙanensa Peter ya buɗe. A wannan rigima laifinsa ya fi yawa, kuma shekarun da suka biyo baya, na zage-zage da ƙararraki da ɗan zaman amana da Mosko, su ne mafi muni a rayuwarsa. An zaɓe shi ɗan majalisa a 1927, bashin ya hana shi zama a kujerar.

Sai ga shi mutumin da ya jefa birni guda cikin yunwa a kan amincewa da sandika ya shekara ashirin yana neman a amince da tasa, kuma masu hana shi ƴan ƙwadago ne. O'Brien ya tare wa WUI ƙofar babbar majalisar ƙungiyoyin Irlanda har 1945. A 1941 gwamnati ta kawo dokar da ta ce sai ƙungiya ta ajiye kuɗi ta karɓi lasisi kafin ta yi shawarar albashi, ta kuma kafa kotun da za ta iya ba ƙungiya ɗaya tak ikon wakiltar wani rukunin ma'aikata, abin da ya yi wa ITGWU daɗi. Larkin ya ƙona kofin dokar a gaban taro a Dublin. Wadda ta kai ƙara har kotun ƙoli ta soke sashen kotun wakilcin a 1946 ita ce NUR, ƙungiyar ma'aikatan jirgin da ya yi wa shugabanta wankin babban bargo a 1913.

A ƙarshen 1946 ya faɗo yana duba gyaran ginin ƙungiyarsa. Ya rasu a asibitin Meath ranar 30 ga Janairun 1947. Babban limamin Dublin, John Charles McQuaid, ya jagoranci addu'ar jana'izarsa, dubban ma'aikata suka raka shi maƙabartar Glasnevin cikin dusar ƙanƙara. Tun 1979 mutum-mutuminsa na tsaye a titin O'Connell, hannaye a ɗage, kusan daura da tsohon ginin otel ɗin Murphy.

Ƙungiyoyinsa biyu sun haɗe a 1990 suka zama SIPTU, mafi girma a ƙasar. Shekara goma bayan haka, a tsakiyar 2000, direbobin jirgin ƙasa fiye da 100 da suka ɓalle suka kafa tasu ƙungiya, ILDA, suka ƙi aiki da sabon tsarin lokutan aiki da aka ƙulla ba da su ba. Kamfanin jirgin ƙasa na gwamnati, Iarnród Éireann, ya ce ƙungiyoyi biyu kawai ya sani a cikin direbobi, NBRU da SIPTU, kuma kotu ta ce babu abin da ya wajabta masa zama da ta uku. SIPTU, magajiyar Larkin, ba ta goyi bayan a ba su kujera ba. Direbobin sun yi mako goma a waje, suka koma bakin aiki a ƙarshen Agusta ba tare da an amince da ƙungiyarsu ba.